Tofar Baffa

Ana sallame asuba muka bar Kaduna, ni da wani abokina, muka kama hanyar Birnin Gwari. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma ba wanda ya tsaya ciniki. A Buruku muka sha shayi da ƙosai mai sanyi. Daga nan motar ta yi tsit, sai ƙarar ramuka da shingayen sojoji. Wata tsohuwa a bayana ta ja carbi har muka iso, ni ma da ba na barin surutu na bi sahunta.

Abin da ya kai ni, Baffa ne, Bafulatanin da ya yi wa mahaifina kiwo. Ɓarayin daji sun kwashe masa garke, saura 'yan shanun da ba su cika hannu biyu ba. Daji ba ya shiguwa, don haka makiyayarsa ɗaya ce, wani fili a bayan ruga. Shi ma tofa ta cinye shi. Wanda ya san tofa ya san bala'i: in ta tsufa saniya ba ta ci, tsironta na huda kofato, saiwarta kuwa tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Da damina ta ja baya na ba wani direba ya kai masa maganin feshi, irin wanda ke bin ganye a hankali har ya kashe saiwa. Na zo in ga aiki.

Daga gari muka hau babur. Dawa ta nuna a gonaki, wasu ba mai girbi.

Inna lillahi! Filin baƙi ƙirin, toka ko'ina, ga sabuwar tofa ta fito tsaye kamar allurai.

Na ce, “Baffa, wa ya sa wuta?”

Ya ce, “Ni ne, ɗana. Maganinka jabu ne. Na fesa, na kwana, na sake kwana, tofa kore shar tana kallona. Sai na yi mata abin da iyayenmu ke yi.”

Na yi masa bayani cewa maganin sai an ba shi kamar mako biyu, wutar ta ƙone ganyen kafin ya sauka saiwa, kuma tofa ba ta da abokiya kamar wuta. Direban cewa kawai ya yi masa, ga mai kashe ciyawa.

Baffa ya kalli filin. Ya ce, “Mu a nan, abin da ke kisa ba ya jira.”

Matarsa ta kawo fura, nonon ruwa-ruwa, tana ba mu haƙuri. Na roƙe shi ya bari ganye ya yi tsawo mu sake fesawa. Ya tambaye ni me shanu za su ci kafin nan.

Da za mu tafi na ga ya rataya sanda da gora, ya kora shanun. Ba gari ya nufa ba, daji ya nufa.

Mun shigo Kaduna kafin magariba, raina a jagule. Na yarda zuwa da kai ya fi aike, magani ba ya tafiya ba baki. Na sayi wani galan na maganin na ajiye, wannan da hannuna zan fesa. Tun ranar nake kiran wayar Baffa, ba ta shiga.