Saman Takarda

A shekarar farin nan da gero ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba, ina 'yar shekara tara. Gidanmu na wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba ka samun dajin da ko zomo zai ɓuya. Bayan sallar magariba muke zagaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, duk da sau tari ruwan kunu kawai ke kan wutar.

A lokacin ne Babanmu da maza huɗu suka shirya tafiya farauta mai nisa, don rumbu ya kusa kai ƙasa. Hanya ce matsalar. Wani tsohon maharbi ya zana musu ita da sanda a ƙofar gida, yana cewa ga kuka mai kogo, ga matacciyar rijiya, amma kafin su dawo daga masallaci awaki sun tattake zanen. Sai Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata mai koyarwa a firamare, ya aiko da taswira ta takarda mai launi. A can samanta akwai wani kore shar, aka ce daji ne. Kawu bai zo da kansa ba, kuma a cikin masu tafiyar babu wanda ya yi boko.

Da yammacin nan Baba ya zauna daga bakin ɗaki da takardar a cinya, yana juya ta. Iya ta gyara itace, ta buɗe tatsuniya da cewa, “Ga wata nan ta tsaya a bakin zaure.” Muka ce a shigo da ita.

Wai wani maharbi ne yunwa ta kore shi daga gida. Wani makaho da ya san daji ya kwatanta masa hanya, wani mai kyan rubutu da bai taɓa wuce bayan gari ba shi ma ya zana masa tasa. Maharbi ya rasa ta zaɓa, sai ya bi ta makaho da safe, ta mai rubutu da yamma. Kwana bakwai yana tafiya, ya hango hayaƙi, ya lallaɓa da kwari da baka, ashe bayan dangar gidansa ne, matarsa na hura wuta. Muka yi ta dariya. Na tambaye ta wace hanya ce mai kyau a cikin biyun, ta ce in bar ta ta ji da tarinta. Na sake tambaya ko ya samo nama, ta ce ita ba a gaya mata ba.

Daga nan ta miƙa hannu Baba ya ba ta takardar. Ta kai ta kusa da wuta, ta ɗora yatsa a kan koren.

“Ai nan gabas ne,” in ji ta. “Wane mai hankali zai sa wani abu sama da alƙibla?”

Baba ya ce shi ma haka ransa ya ba shi.

Gabas suka yi. Kwana uku ba su ga daji ba, sai gonaki da ƙauyuka irin namu, karnuka na binsu a galabaice. A ƙarshe wani mai fadama ya ɗauke su haƙar rijiya, ya sallame su da busasshen rogo. Ranar da Baba ya shigo da buhu a ka, ba ko gashin zabo, kunya ta hana shi ɗaga ido. Iya kuwa alwala ta yi, ta daɗe a kan buzu. Rogon nan ne ya kai mu damina. A shekarar, samari da dama daga yankinmu sun yi arewa neman abinci, wasu sai bayan shekaru aka ji ɗuriyarsu, wasu har yau.

Ina aji ɗaya a sakandare malaminmu ya rataye taswira a allo, ya ce kowa ya riƙe: saman taswira arewa ne. Na ji alƙalami ya suɓuce mini. A lokacin Iya ta shekara biyu da rasuwa, Allah ya jiƙanta.

Har yanzu ban warware ba. Iya ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma ita ke tsare Kawu Sani, tana tambayarsa komai na makaranta duk zuwan da ya yi, kuma me ya sa a wannan yammacin ta zaɓi maharbin da ya zagayo gida? Na taɓa tambayar Baba bayan ya tsufa. Ya ce shi dai ya san ya ci rogo.

Kwanakin baya ɗana da abokansa suna shirin fita farauta, suna gardama a kan taswirar waya, wannan ya ce tasa ta fi nuna daji, wancan ya ce tasa ce sabuwa. Ya kawo mini in gani. Na san sarai inda arewa take. Na riƙe wayar na daɗe, ina jin yatsana yana so ya nuna masa wani wajen da ya fi kusa da gida.