Ilisha, Idon Kwamiti

Duk wanda ya yi tuƙi tsakanin Ikara da Makarfi da Hunkuyi a zamanin soja ya san Ilisha, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Gajere ne, baƙi, yana ɗingisa ƙafar hagu. Mutumin Furana ne, ɗan manomin barkono. Aji huɗu ya yi a makarantar mishan, ƙafa ta hana shi noma, sai ubansa ya dasa shi a bakin titi da damin rake. To a nan ne abin ya fito. Duk motar da ta wuce gabansa sau ɗaya, lambarta ta zauna a kansa ke nan, har da ranar da ta wuce da inda ta dosa. Ka tambaye shi abin da ya ci jiya, sai ya yi ta sosa ƙeya. Amma ka ce, "Ilisha, motar da ta kwashi tumatir ran Talatar da aka yi ruwan ƙanƙara fa?" kafin ka rufe baki ya karanto maka ita.

Da ya girma ya koma tashar kasuwa, ya auri Lucia, suka haifi 'ya'ya uku. A lokacin baiwar tasa ba ta cutar da kowa. Tsohuwa ta manta ƙullin kayanta a mota, sai a kawo ta wajen Ilisha, ya tambaye ta yaushe ta sauka, ya faɗi lamba, a aika. Ɗan kasuwa ya loda wa direba masara, direba ya yi ɓatan dabo, Ilisha ne zai ce ai motar Nasarawan Doya ce, jibi za ta dawo. Direbobi kan miƙo masa goro ta taga, wani ya jefo masa doya. Da haka yake ci da iyalinsa, ba yabo ba fallasa.

Sai soja suka zo da tsuke bakin aljihu da horo. Sabulu sai da layi, madara sai da layi, shi kansa layin sai da bulala. Aka kafa wani abu wai shi Kwamitin Ladabtar da Direbobi, aka ɗora Ashafa a kai, wani tsohon malamin haraji mai tumbi wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa. Aka haɗa shi da kofur guda da ƙarti huɗu masu kulake. Dokarsu ɗaya ce: ranar kasuwa kada mota ta tsaya a gefen titi. To ina za ta tsaya? Oho. Tashar ba ta cin mota ashirin, ranar kasuwa kuwa sai ɗari ta zo. Direbobi suka gano dabara, a sauke kaya da sauri, da an hango kakin kwamiti a ja mota a fece. Ashafa ya yi mako uku yana haki a bayan motoci bai kama ko keke ba. Sannan wani munafuki ya raɗa masa sunan Ilisha.

Suka ba shi kakin da ya yi masa yawa, da benci a gindin darbejiya, da makullin filin da ake tsare motocin da aka kama. Lucia ta ce, "Baban Judith, wannan ba aikin mutunci ba ne. Mutanen da suke ba ka goro za ka riƙa nunawa?" Ya ce mata ai shi ba ƙarya zai yi wa kowa ba, abin da idonsa ya gani zai faɗa. Gaskiya kuma goron ya ja baya a lokacin, kowa ta kansa yake yi, tukunyarsu takan yini ba ta hau murhu ba.

Aiki kuwa ya yi kyau, in dai irin wannan ƙazantar ana ce mata kyau. Ilisha na zaune, motoci su tsaya su gudu. Mako mai zuwa da sun shigo gari sai ya ce, "Wannan, da waccan, da mai jan kai." A sace iskar taya huɗu, a jawo direba, magidanci da furfurarsa, a sa shi tsallen kwaɗo a gaban masu talla. Direbobi suka shiga shafa wa lamba taɓo, wasu su rataya mata ganyen rake, wani har tsumman baƙin mai ya ɗaura. A banza. Harafi ɗaya ya leƙo, Ilisha ya cike sauran. Daga Zariya ma akan aiko da takardar motocin da ake nema, na sata da na fasa-ƙwauri, a karanta masa sau ɗaya, shi ke nan. Bakwai ya kama musu a shekara guda. Ashafa ya sha yabo, ya ɗinka sabuwar babbar riga. Ilisha kuwa gaisuwa ta ƙare masa a tasha. In ya doso inda direbobi ke hira sai kowa ya tuna yana da abin yi. Mutum ɗaya ce ba ta sauya masa fuska ba, Hajo mai waina, wata gwauruwa da ta fi shekara ashirin tana suya a kwanar kasuwa.

Ranar wata kasuwa da hantsi, a kakar rake, farar akori-kura ta shawo wannan kwana da mugun gudu, ta kwashi Hajo da tandarta, ta wuce ko birki babu. Kafin a samu abin da za a kai ta asibiti ta cika. Mutum ɗari sun ga abin, amma kowa farar akori-kura ya gani, irinta kuwa sun fi talatin a wannan hanya. Ilisha kaɗai ya ga lamba: KD 3058 M. Ya san ta sarai. Motar Alhaji Maiturare ce, ɗan kwangilar takin zamani, wanda Ashafa ke cin tuwon rana a gidansa. Kullum a tsakiyar titi take tsayawa, ba a taɓa sace mata iska ba, domin duk ran da Ilisha ya faɗe ta sai tari ya kama Ashafa.

Ya faɗi lambar a bainar jama'a, kofur ya rubuta. 'Yar Hajo, Huseina, ta zo da goyo a bayanta ta durƙusa gabansa tana kuka. "Baba Ilisha, kai kaɗai gare mu. Don Allah kada ka bari jinin Inna ya tafi a banza."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Duk inda motar nan ta shiga za ta fito."

A ranar ne ya fara jin kakin nan yana da wani amfani.

Kwana huɗu shiru kake ji. A filin tsare motoci kuwa akwai wata farar akori-kura da aka kama da yammacin ranar da Hajo ta rasu, laifinta ta tsaya sauke rake a gefen titi. Ilisha ne ma ya nuna ta. Ta Bobbo ce, wani Bafulatani daga wajen Kudan wanda ya sayar da 'yan shanun da suka rage masa ya saye ta. Ba shi da kowa a ofis, takardun motar kuma suna cikin aljihun teburin Ashafa. A kwana na biyar da safe Ilisha ya buɗe fili, sai ya tsaya cak. Motar Bobbo ce, ga tsagewar gilashinta, ga busasshen ganyen rake a bayanta, amma a goshinta an kafa KD 3058 M. Kusoshin ma sababbi ne, suna ƙyalli. Lambarta ta gaskiya babu ita babu dalilinta.

Ya ɗingisa sai ofis. "Yallaɓai, an sauya wa motar Bobbo lamba."

Ashafa yana ɓare gyaɗa, bai ko ɗago kai ba. "Wace lamba ka gani ranar da aka kaɗe matar nan?"

"Talatin da hamsin da takwas."

"Wace lamba ce a jikin motar da ke fili?"

"Ita ce, yallaɓai, amma..."

"To madalla, ka kama mana ta takwas. Jibi wani babban soja zai zo daga Zariya ya saurari maganar. Tambaya ɗaya zai yi maka, ka ba shi amsa ɗaya." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga tumbinsa. "In kuwa ka ce an sauya lamba, sai a nemi wanda makullin fili yake hannunsa. Kai ne ko ni? Sai ku tafi tare da Bafulatanin, ka ga ya samu abokin hira."

Tir da wannan mutum! Wallahi ko muryarsa ba ta yi rawa ba, kamar yana aiken a sayo masa koko. Ilisha ya fito. A bayan ofis akwai wani ɗan ɗaki mai taga da ƙarfe, ashe tun da asuba an kamo Bobbo an jefa ciki. Ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ce, "Malam Ilisha, kai ka san lambata. Ni kaina ban haddace ta kamarka ba. Ka faɗa musu mana." Ilisha ya wuce.

Da la'asar ya zauna a tsakar gida ya warware wa Lucia komai. In ya faɗi abin da ya gani, to gaskiya ya faɗa, kuma da wannan gaskiyar za a kai Bobbo gidan yari, soja kuwa ba sa yanke shekara biyu. In ya faɗi gaskiya dukanta, har da sauyin lamba, su tafi su biyu, Alhaji Maiturare yana gida yana shan iska.

Lucia ta ce, "To ka yi shiru mana."

Ya ce, "A gaban soja? Shiru ai ba amsa ba ce."

Ran zaman aka jera kujeru a rumfar ofis, aka turo motar aka tsayar a gaba. Sojan saurayi ne mai anini biyu, sai duban agogo yake yi, da gani akwai inda ya fi so ya kasance. Alhaji Maiturare yana zaune a sahun dattawan gari, ƙamshinsa ya cika rumfar, yana jan carbi kamar mutumin kirki. Direbobi sun yi dafifi a rana. Bobbo yana tsugune da ankwa. Huseina tana gefe a tsaye.

Soja ya ce, "Kai ne mai idon? Dubi motar nan. Lambar da ka gani ke nan?"

Ilisha ya duba. Ko ya rufe ido yana ganinta, fari a kan baƙi, tana nisa a cikin hayaƙin man tandar Hajo. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa faɗin lamba ba daidai ba, shi ne kaɗai abin da ya mallaka a duniya. 

"Ranka ya daɗe, ban ga lamba ba."

"Me ka ce?"

"Rana ce ta haske mini ido. Farar mota na gani kamar kowa. Lambar nan cinta na yi, canka kawai, don kada a ce Ilisha bai gani ba."

Kai, wuri ya kaure. Wani direba ya ɗora hannu a ka ya ce, "La ilaha illallahu! Ashe duk tsallen kwaɗon da muka sha na cinta ne!" Wasu na dariya, wasu na zagi. Ashafa ya miƙe zai yi magana, soja ya daka masa tsawa ya koma ya zauna. Sojan ya yaga takardar da ke gabansa, ya ce ba a kawo shi daga Zariya don ya saurari mahaukaci ba. Babu shaida, babu magana, a kwance wa Bafulatani ankwa. Shi kuwa wannan maƙaryacin a tuɓe masa kaki, ya zagaya rumfar sau goma da tsallen kwaɗo.

Da gurguwar ƙafar ya yi shi, daga shi sai gajeren wando, direbobi na tafi. Alhaji Maiturare ya raka soja har mota, suka yi musabaha hannu biyu. Motar Bobbo kuwa Ashafa ya ce lambarta ba ta dace da takarda ba, sai an bincika, aka sake tura ta fili. Bobbo ya tsaya ya dubi motar, ya dubi Ilisha da ke kwance cikin ƙasa, ya kama hanyar Kudan da ƙafa.

Da jama'a suka fara watsewa Ilisha ya rarrafa ya jingina da ginshiƙin rumfa. Sai ga ƙafafun mace a gabansa. Huseina ce. Idonta ya bushe, babu hawaye ko ɗigo. Ashafa yana tsaye a ƙofar ofis, taku biyar tsakaninsu, ya kasa kunne.

Ta ce, "Baba Ilisha, da safen ranar Inna ta aiko maka da waina. Wainar tana cikinka lokacin da aka take ta."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Kai mai zuwa coci ne. Rantse mini da Littafinku cewa ba ka ga lambar ba, in tafi."

Ilisha ya dubi ƙofar ofis. Ya dubi hanyar Kudan, inda har yanzu ana hango Bobbo, bai yi nisan da za a kasa kamo shi ba.

Ya ce, "Na rantse."

Ta tofa masa yawu a ƙirji, ta gyara goyonta ta tafi. Bai goge ba.