Ɗaya Lafiya, Biyu Kira Ni

Duk mai bin layin masu gyaran babur a Gyaɗi-Gyaɗi da safe ya san Malam Filibus, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, riga kullum a soke cikin wando, littattafan ɗalibai a hammata. Lissafi yake koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Tarauni, kuma a ƙafa yake zuwa, wai likita ya ce tafiya tana gyara jiki. Har yau ba wanda ya taɓa ganin likitan nan.

Daga wajen Zonkwa ya zo Kano yana saurayi, da niyyar ya ɗan taɓa aiki ya koma gida. Furfura ta same shi a nan, a ciki da falon da yake haya. Matarsa Kande tana dama kunun zaƙi da zoɓo, ta kai bakin asibitin koyarwa ta sayar wa masu jinya. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Patience.

Filibus mutum ne mai tsari, har abin ya so ya yi yawa. Ranar albashi ba ya biyawa ko'ina sai kasuwar Tarauni. A auno masara da wake, a sayi manja da sabulu, a tura ƙarƙashin gado, a ware na baiko a coci, abin da ya saura a lallaɓa shi zuwa ƙarshen wata. Da wannan lallaɓawar ya raini yarinyar har ta sami gurbi a jami'a a Jos.

'Yan zumuntar mata na coci sun zo sun yi guɗa, maƙwabta suna cewa an rage musu baki ɗaya a gida. Ba bakin kaɗai ya tafi ba. Tukunyar gas ta bi ta, katifar falo ta bi ta, haka bokitin wanka mai kyau da babbar wayar Kande, tunda an ce karatun yanzu a waya ake yinsa. Kande ta koma gawayi, gidan ya koma waya ɗaya, 'yar ƙarama mai tocila da ke aljihun Filibus.

A tashar Unguwa Uku, ana ɗaure kaya, ya ja Patience gefe ya kafa mata doka, don shi ko ban kwana sai da tsari.

"Kada ki ɓata katinki wajen kirana. Ki yi min filashin. In kin yi ɗaya, na san kina lafiya. In kin yi biyu, ni zan kira ki."

"To, Baba."

Da farko biyun ya fi so. Ya kira, ta ba shi labarin sanyin Jos da abokiyar ɗakinta Hasana, Kande na gefe tana ƙoƙarin ƙwace wayar. Amma a hankali hirar ta riƙa gajarcewa, kowace kuma a wuri ɗaya take ƙarewa: "Baba, dama…" Dama gas ya ƙare. Dama an ce a sayi handawut, takardun darasi. Dama za a sabunta kuɗin hostal. Yarinyar ba almubazzara ba ce, ya sani, don sai ta kai maƙura take magana.

Ya yi abin da iyaye ke yi. Nama ya bar tukunya ba sallama, shayi ya koma ba madara. Ya kama lesin da yamma a wasu gidaje a Unguwar Gano, yana koya wa 'ya'yan mutane jimla da ragi har magariba. Zuwa ƙauye kuwa ya zama sai dai aika gaisuwa. Watannin farko ya damu, har ya rame. Daga baya damuwar ma ta gaji ta bar shi. Ba ya fushi, ba ya baƙin ciki, yana dai tashi, ya tafi, ya dawo. In alat ɗin albashi ya shigo, ya tsaya wurin mai POS ya tura, ya wuce kamar wanda ya zubar da shara.

Abu ɗaya ya rage da ke taɓa shi, shi ne shirun da ke biyo bayan ƙarar farko. In wayar ta yi ƙara ta katse, sai ya tsaya cak da alli a hannu, yara suna kallonsa, yana jiran ko ta biyu za ta shigo. In ba ta shigo ba ya ci gaba da darasi. Bai lura da ranar da ya daina ganin sunan 'yarsa a wayar ya koma ganin bukata ba.

Wata rana a ƙarshen damina, wata ya raba tsakiya, aljihu fayau, wayar ta yi ƙara sau biyu yana cikin aji. Akwai kati a cikinta. Ya dube ta, ya kife ta a kan tebur, ya ce a ransa sai albashi ya zo, don kira ba abin turawa wahalar da juna ne kawai. Washegari ta sake yin biyu, ya sake kifewa. Da ya koma gida Kande na fifita gawayi ta tambaye shi.

"Baban Patience, yarinyar nan ta yi filashin?"

"Ta yi. Ɗaya."

"To, mun gode Allah."

Daga nan biyu ba ta ƙara shigowa ba. Kowace Lahadi bayan sujada a coci sai ɗaya, shi ke nan. Shi kuma ƙarshen wata ya tura abin da ya samu. Gaskiyar magana, daɗi ya ji, har ya gaya wa Kande cewa yarinya ta fara koyon tattali.

Patience ta dawo hutun Kirsimeti wuyanta ya yi tsawo. Kande ta yanka kazar da ta daɗe tana kiwo, suka zauna cin abinci a falo. Patience na ba da labarin makaranta, sai ta ce, "Ai lokacin da aka kwantar da ni, Hasana ce ta yi ta kwafar min darasi."

Kande ta ajiye cokali. "Aka kwantar da ke? A ina?"

"Taifot ne, Mama, ya wuce. Ƙarin ruwa kawai aka yi min. Mamar Hasana ta zo ta zauna da ni."

"Ba ki da iyaye ne da ba za ki faɗa ba?"

"Na yi wa Baba biyu. Da na ji shiru sai na san babu." Ta juyo ta dube shi, ba ɓacin rai ko kaɗan a fuskarta. "Na san da akwai, da ka kira, Baba. Ba komai."

Kande ta kafe shi da ido. Shi kuwa ya jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa, kunya ko kuka, ko ma mene ne. Ba abin da ya zo. Ya ga hannunsa ya koma kwano, ya ji yana tauna naman, har ya cinye.

Da hutu ya ƙare ya raka Patience tasha. A hanya ya shirya magana mai tsawo, amma da suka tsaya jikin mota abin da ya fito kaɗan ne.

"Dokar nan ta filashin, a bar ta. Ki kira ni kawai, ko ba dalili."

"To, Baba."

La'asar sakaliya, yana tafiya lesin, wayar ta yi ƙara ta katse. Ta sauka lafiya ke nan. Ya tsaya a bakin titi, 'yan adaidaita sahu suna masa hon, yana jira. Ta biyu ba ta zo ba. Ya danna kira, ta ɗauka tun kafin ta gama ƙarar farko.

"Baba, lafiya? Wani abu ya sami Mama?"

"Lafiya lau. Na ce bari in ji muryarki."

Yana jin hayaniyar tasha a bayanta.

"Ɗaya fa na yi, Baba. Ba na bukatar komai."

"Na gani."

Ya laluba abin da uba ke ce wa 'yarsa in ba maganar kuɗi ba, ya rasa. Ya tambaye ta ko akwai sanyi, ta ce akwai.

"Baba, katinka yana tafiya," in ji ta, ta kashe.