Zomon da Ya Yi Gida Biyu

Shekarun baya can, bayan na gama karatun lauya a harabar jami'armu ta Kongo, na yi wani dogon zama a gida ina jiran a kira mu makarantar horon lauyoyi. Ba aiki, ba karatu, sai wanke-wanke da danna waya. A wannan zaman ne wata ƙawata da za ta koma Legas ta bar min zomonta, fari tas, kunnuwa zaƙo-zaƙo. Na raɗa masa suna Barista, tunda ni ban kai ga zama ba tukuna.

Mahaifiyata ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wannan na miya ne ko na kallo?" Na ce na kallo ne. Ta ce, "Allah ya kyauta. Mu dai mun san dabbar gida ko ta yi ƙwai ko ta ba da nono."

Gidanmu irin tsofaffin gidajen cikin birni ne, wajen Ƙofar Galadima, ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti ta gaba kawai. Bayan ɗakin girki akwai wani ɗan lungu da muke jibge tsofaffin tukwane da wata fasasshiyar randa. Nan na kewaye masa da raga. Na ɗauki abin da zafi ƙwarai. Na karance duk abin da aka rubuta kan zomaye a intanet, ina auna masa abinci da gwangwanin madara, ina wanke masa latas sau biyu, abin da ban taɓa yi wa mutanen gidan ba.

Bayan wata huɗu sai na lura Barista ya yi wata irin ƙiba, har wuyansa ya ɓace. Na sa shi a kwali, na tari napep muka tafi wajen likitan dabbobi. Likitan ya ɗaga shi, ya yi nishi, ya ce, "Malama, me kike ba shi? Wannan ai saura kaɗan ya isa layya." Ya ce in rage masa abinci, in ba haka ba zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na tsorata. Na dawo na raba abincinsa biyu. Sati biyu bayan nan ya ƙara nauyi. In na ajiye masa latas ɗina mai wanki biyu, sai ya sansana, ya juya min baya.

Wata safiya na je canza masa ruwa, na tarar da goshinsa jawur. Lalle ne, an ɗiga masa shi zagaye, tsaf-tsaf, aikin mai hannu. Na kira mahaifiyata. Tana gani ta ja da baya ta ce, "Innalillahi! Kar ki taɓa shi!" Ta shiga tofa addu'a kusurwa-kusurwa, tana cewa dama ita tun farko ba ta yarda da dabbar da ba ta kuka ba. Ni kuma, mai ilimin boko, na ce lallai akwai bayani. Amma daga bayanta nake faɗa.

Da rana ta ɗaga na yi ta maza na janye randar nan. Sai ga rami, ya shige ƙarƙashin katanga. Na kwanta rub da ciki, kumatu a ƙasa, na leƙa. Can ƙarshensa na hango haske da ƙafafu cikin silifas, na kuma ji murya: "Ɗan Baiwa, ina ka shiga? Ga dusarka tana hucewa."

Na san muryar. Hajiya ce, dattijuwar maƙwabciyarmu ta baya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ƙofarta na kallon wani lungun daban, sai ka zagaya ta bayan masallaci kafin ka kai. Shekara uku ke nan ita da mahaifiyata ba sa ga maciji, a kan indararon ɗakinta da ke zubo ruwa jikin katangarmu. Ko da mijinta ya rasu, mahaifiyata ta je gaisuwa ne ta yi addu'a ta taso, ko mayafi ba ta sassauta ba.

Na yafa gyale na kama hanya, ina tsara hujjoji a kaina, har da abin da doka ta ce game da dabbar da ta ɓace. Na yi sallama na shiga. Ga Hajiya a kan tabarma, ga Barista ya riga ni isowa, ya tusa kai cikin kwanon dusa da aka barbaɗa wa ƙuli-ƙuli.

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Hajiya, dama zomona na biyo."

Ta ce, "Naki? Wanne?"

"Wannan ɗin."

"A'a, 'yar nan. Wannan Allah ne ya aiko min shi. Ina zaune nan ya fito daga ƙasa. Wata uku ina ciyar da shi, don kullum da yunwa yake zuwa, ban san wane marar imani ne ke hana shi abinci ba. Jiya ma na sa masa lalle don kar wani ya ce nasa ne."

Na fara jero hujjojina. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Duk wannan dogon Turanci ne. Kira shi. In ya zo, ɗauki abinki."

Na gyara murya na ce, "Barista!" Ko kunne bai kaɗa ba. Na sake kira, har da tafi. Shiru. Hajiya ta yi ɗan ƙyas da yatsa sau ɗaya, sai ga shi ya yi tsalle ya haye cinyarta, da duk nauyinsa. Shari'ata ta farko ke nan a duniya, kuma wanda nake karewa ne ya ba da shaida a kaina.

Da na koma na faɗa wa mahaifiyata, ba zomon ne ya dame ta ba, ramin ne. Damina ta ƙarato, katangar ƙasa ce, in ruwa ya samu hanya kan ɗakin girkinmu za ta kwanto. Ta figi mayafi, na bi ta a baya.

Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ta ce, "Hajiya, da indararo ne, yanzu kuma rami?"

Hajiya ta ce, "Ni na haƙa? Ai zomonku ne."

"Au, yanzu ya zama namu?"

Na danne dariya da ƙyar. Mahaifiyata ta ce gobe magini zai zo ya toshe. Hajiya ta shiga shafa bayan zomon. Can ta ce, "To, a toshe, katanga ba abin wasa ba ce. Sai dai ku bar min shi ya wuni yau. Yaran duk suna Abuja, sai Juma'a suke kira. Tun da Malam ya rasu, in ba da wannan na yi magana ba, daga asuba har magariba ba na buɗe baki sai a salla."

Mahaifiyata ta gyara mayafinta, ta yi mata sallama. Muka zagayo gida.

Washegari magini ya zo ya kwaɓa siminti. Sai mahaifiyata ta ce ya dakata, ya nemo bututu mai faɗi ya dasa a ramin, ya ɗaure gefe da gefe yadda ruwa ba zai ci katangar ba. Ya ce, "Na ruwa ne?" Ta ce, "Na zomo ne. Kuma ka auna shi da kyau, mai jiki ne."

Daga ranar, in an sauke tuwo sai ta zuba a kwano ta ce in zagaya in kai wa Hajiya. Daga baya ta daina aikena, ta koma kaiwa da kanta, ta kuma daina dawowa da wuri. Ni kuwa na rubuta wa Hajiya jerin abin da likita ya hana shi ci. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, da na koma na tarar ta ƙunshe daddawa da takardar. Abin da kawai na ci nasara a kai shi ne ta rage ƙuli-ƙulin.

Har yau in na tuna ina jin kunya. Muna jin tarinta ta katanga, muna jin ƙarar butarta, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa tambayar kansa da wa take magana. Sai da dabba ta haƙa ƙasa ta je ta duba mana.

Barista ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya mutu a kan tabarmar Hajiya. Lokacin ina aiki a Kaduna, na zo ƙarshen mako na tarar matan lungun suna ta shigowa yi mata jaje, mahaifiyata na zaune gefenta tana taya ta amsawa. Na raɓe a bakin ƙofa, hawaye na zubo min. Wata tsohuwa ta dube ni da tausayi, ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah sarki, 'yar nan. Ashe ke ma kin san shi?"