Alƙasim, Mai Gadin Shafin Ƙarshe

Kullum da safe, kafin a buɗe ajujuwa a lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta koyon aikin jinya da ungozoma a Madawa, Malam Alƙasim Tasi'u ya riga ya jingine kekensa a gindin bishiyar bedi, ya share ɗan ɗakin littattafai, ya kunna tsohuwar na'urarsa ta buga rubutu mai gurnani. Sai ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna jiran masu zuwa su ɓata masa rai. Ba ya daɗewa yana jira.

Aikinsa shi ne wanda kowa ya raina. Duk ɗalibin da zai fita sai ya rubuta memwar, wato littafin bincikensa, ya kare shi gaban alƙalan jarrabawa. A ƙarshen littafin akwai shafin madogara: duk maganar lafiya da ka ɗauko daga wani, ka sa mata lamba, sannan a ƙarshe ka faɗi wa ya rubuta, a wace mujalla, wace shekara, wane shafi. Alƙasim ke tsara wannan shafi, kuma yana da doka guda: abin da bai gani da idonsa ba, ba ya bugawa.

To, ɗalibanmu suna da wata al'ada mai ban haushi. Shafin ƙarshe gadonsa ake yi. Ƙane ya kwafe na wansa, wan ya kwafe na wata da ta fita tun kafin a sa wuta a lakwal ɗin, kowa ya ƙara nasa kuskure. Na sha yin faɗa a aji har muryata ta dushe, suna kallona kamar ina ba su labarin aljanu. Alƙasim ba ya faɗa. Turo maka takardunka kawai yake yi, ya ce, "Tahi ka ɗauko littahin."

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne lamarin Murja, wata ɗaliba 'yar Karofane da nake duba aikinta. Ta yi bincike kan ƙarancin jini ga masu juna biyu a ƙauyukansu. Mutanen garinsu jiranta suke yi, don ɗakin haihuwarsu ba ungozoma, kuma sai ta kare memwar za a tura ta. Ana saura 'yan kwanaki ta kai wa Alƙasim shafinta. Ya bi lambobin har ya zo kan wani rahoto da aka ce an yi a Kaita, mai cewa cutar ba ta da yawa a ƙauyukan ƙasar Adar, yankin su Murja. A kan wannan magana Murja ta ɗora ƙarshen bincikenta, ko da yake matan da ta auna da hannunta akasin haka suka nuna.

"Ɗiyata, wanga rahoto, kin gane shi da idonki?"

"Baba, kowa shina sa shi. Haka munka iske."

"Ni ba kowa nika tambaya ba. Ke nika tambaya."

Ta zo ofishina tana kuka. Na tashi na same shi, na ce masa alƙalan nan ba su duba wannan shafi, ya buga mata ta wuce, mata na haihuwa a Karofane ba mai karɓa. Bai ko ɗago kai ba, ya kira ni da Mushe, yadda ake kiran malami a nan. "Mushe, in na sa mai lamba, na zan shaida. Ba ni shaidar abin da ban gani ba." Wallahi ran nan na ji kamar in ɗauki na'urar tasa in jefa waje.

Abin da ban sani ba sai daga baya, washegari ya shiga mota ya tafi Kaita da kansa, kan hanyar nan mai duwatsu da ke girgiza hanjin mutum. Ya bi ofisoshi, ya tambayi tsofaffin ma'aikatan lafiya, ya buga waya Tawa da Yamai. Ba wanda ya taɓa ganin rahoton. Ya dawo ya gaya wa Murja ta cire shi, ta tsaya kan abin da ta auna. Cire madogara guda kuwa yana nufin sake lambobin littafin gaba ɗaya da sake rubuta ƙarshensa. Zaman jarrabawar ya wuce ta, ta jira na bayan damina. Alƙasim ya zauna da ita suka bi aikin layi layi, tana amsa masa da ƙyar, fuska a murtuke.

Kai ne, Alƙasim, ka sa yarinyar nan ta yi damina tana fushi. Kai ne ka sa malamai muna kewaye ƙofarka don kada ka tambaye mu shekarar wata mujalla. Taurin kanka ya ishe ni, kuma har yau ina ganin kana iya faɗin gaskiya da ɗan murmushi, ba za ka mutu ba. Amma na yarda da duk lambar da ta fito daga hannunka, kuma ba kowa nake iya faɗa wa haka ba.

Ƙarshen watan nan Alƙasim zai ajiye aiki, idanun sun gaji. Mun gode, mai gadin shafin ƙarshe, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma ɗalibai da malamai, ba a ce ku yi halinsa duka ba, mu ma ba mu iya ɗaukar biyu irinsa. Ku dai buɗe littafin kafin ku ambace shi.

Na kira Murja a Karofane, inda take aikin ungozoma yanzu, in gaya mata zancen walimar ban kwana da za mu yi wa Alƙasim. Ta ce za ta zo.

"Mushe, ni har yanzu ban huce ba, kak ka ce mai na huce. Amma da ya buga mini wannan rahoto, da na zo garin ga ina ganin matanmu lahiya lau suke. Yanzu ko mace tana dariya sai na ja hwatar idonta na duba ko da jini."