Maharazu Mai Wankin Hula da Ranar Allurarsa

Jama'a a matsa, a ba da hanya! Ga Sarkin Kawunan Yakasai, mai dakaru arba'in na katako, ba mai ko kunne a cikinsu: Malam Maharazu mai wankin hula. Ni Nazeer na naɗa shi, ban kuma nemi izinin kowa ba.

Shekarunsa hamsin da 'yan kai. Rumfarsa na jikin katangar gidansu, inda babansa ya yi sana'ar. Hula ba riga ba ce. In an wanke ta an sa sitaci, sai an kifa ta a kan katakon da ya yi daidai da kan mai ita. Ka ɗora ta a wanda ya fi girma, ta buɗe ke nan, sai ta riƙa sauko wa mutum har gira. Maharazu ba ya rubuta suna. Kanka kawai yake kallo.

Shekara tara ke nan da ciwo ya same shi. Ya riƙa jin muryoyi suna zaginsa alhali ba kowa, ya daina cin abincin gida wai an sa masa wani abu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya yayarsa 'Yardada ta kai shi asibiti. Likita ya ce sunan ciwon sikizofiriniya. Ni da na gudu daga makaranta a aji huɗu, sai da na yi sati kafin bakina ya iya faɗa. Yanzu allura ake masa duk wata. Muryoyin, in ji shi, sun koma kamar rediyon maƙwabta: yana ji, ba ya amsawa. Sai dai allurar kan sa masa nauyin jiki da rawar hannu na kwana biyu.

Hankali ya dawo, masu hula ne ba su dawo ba. Mutum zai tsaya ya ce, "Malam Maharazu, ya jiki?" da murya ƙasa-ƙasa, hularsa na cikin leda zai kai ta wajen masu wanki na unguwar Sheshe. Saura irinmu masu hula ɗaya tal. Katako arba'in, shida ke aiki.

Sai ga Alhaji Yusuf, ɗan kasuwar nan mutumin Barno, zai yi wa ɗansa aure ran Asabar, mai yi masa wanki kuma ya yi tafiya. Laraba da la'asar ya kawo huluna goma sha ɗaya da kansa, duk zanna, nasa da na ƙannensa, a cakuɗe cikin jaka guda.

"Za a iya kuwa?" in ji shi.

"Ajiye," in ji Maharazu.

Duk majalisar bakin lungu ta zuba ido. In ya yi daidai, gidan Alhaji ya dawo masa. In hula ɗaya ta lalace, shi ke nan, an samu abin faɗa.

Matsalar ita ce Alhamis ranar allura ce. Ina zaune 'Yardada ta leƙo da katin asibiti, Maharazu ya ce a bari sai Litinin.

"Waccan shekarar ma Litinin ka ce," in ji ta, "muka ƙare kana faɗa da bango."

Na ce, "Baba, ba ni katin in je a yi mini a madadinka, ni ma a gida ana cewa ina bukata."

'Yardada ta ce, "Kai taka ba a ƙera ta ba tukuna."

Maharazu bai yi dariya ba. Ya jima yana juya hulunan ɗaya bayan ɗaya. Washegari daga sallar asuba ya wanke su, ya kifa kowace a katakonta tun hannunsa na tsaye, sannan ya sa takalmi ya bi yayarsa.

Juma'a bai fito ba sai hantsi. Na ga dutsen guga na rawa a hannunsa. Yakan goge ɗaya, ya ajiye, ya zauna ya huta, sannan ya ɗauki wata. Aikin awa biyu ya kai shi la'asar.

Asabar da safe Alhaji ya zo da ƙannensa. Maharazu ya kalli kan kowa ya miƙa masa tasa. Har da ƙanen Alhaji da ya zo daga Maiduguri, wanda Maharazu bai taɓa gani ba.

"Kan marigayi babanku ne da kai," ya ce masa.

Hular ta zauna daram. Alhaji ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Aiki ya ce, ba jiki ba. Ran Litinin gida biyu suka ƙara aikowa. Sauran har yau Sheshe suke kaiwa.

Na ce, "Baba, na rubuta tarihinka kaf, duniya za ta san Sarkin Kawuna!"

Bai ko ɗago ba.

"Hularka ta bushe tun shekaranjiya," in ji shi. "Ɗauke ta, ina son katakon."