Matajin da Muka Sayo wa Inna a Japan

Jidda, Asabar

Ƙarfe uku da rabi na asuba muka kulle ƙofarmu a unguwar Sharafiyya, ni da maigidana Abu Rahaf da 'yarmu Rahaf mai shekara goma sha huɗu. 'Yan'uwana na Zariya, kun dame ni in ba ku labarin Japan. Ga shi, sai dai ku yi haƙuri, ba irin wanda na yi muku alkawari ba ne.

Kafilin Abu Rahaf, wato ubangidansa da ya tsaya masa a Saudiyya, shi ne ya ba shi tikiti uku, tukwicin shekara ashirin da ya yi yana sayar masa da kayan gyaran mota. Ni kuwa kun san halina tun ina budurwa, littafin soyayya ɗaya a ƙarƙashin matashi, wani a cikin hijabi. Sai na sa a raina wannan tafiyar ce za ta dawo mini da mijina. Tun ranar da aka yi wa gidansu na unguwar Karantina rubutu da jan fenti aka rushe shi, ya zama mutum mai shiru. Bara kuma zuciya ta kayar da shi a shago, aka yi masa aiki. Mukan wuni hirarmu ba ta wuce "an kawo gas?" ba.

Mun biya ta gidan wansa, Yaya Usman, inda surukata Inna take zaune tun bayan rusau. Muka same ta a kan darduma. Ta turo mini roba cike da dambun nama da ƙullin yaji.

"Ungo, 'yar Zazzau. An ce ɗanyen kifi suke ci. Kada ki dawo mini da ɗa kamar tsinken tsire."

"Inna, me za a sayo miki?" in ji Abu Rahaf.

"Mataji na katako. Nawa ya tafi da Karantina, na robar nan kuwa tsige mini furfura yake yi."

A mota ya kashe wayarsa ya cusa ta a ƙasan akwati. "Halas, shi ke nan. Har mu dawo babu mai tambayata fitilar mota." Jirginmu ya tashi bakwai saura kwata. Muka yada zango a Doha, muka sha zaman jira, sannan muka yi awa goma a sama.

Tokyo, Lahadi zuwa Talata

Da azahar muka sauka. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar ya san ni. Ma'aikaciyar kwastan da ke riƙe da shi ta buɗe jakar, ta ɗauke dambun Inna tana ta sunkuyawa tana ba mu haƙuri: nama ba ya shiga ƙasarsu. Yajin ta bar mana. A nan muka sayi layin waya guda ɗaya, aka sa a tawa, tunda ni ce mai duba hanya.

Awa ɗaya a jirgin ƙasa zuwa cikin gari. Mutane maƙil, amma ko tari ba ka ji. Ɗakin masaukinmu bai kai kicin ɗina faɗi ba. Ruwan gora yen ɗari da ashirin, curin shinkafa naɗe da ganyen teku ɗari da hamsin. Rahaf ce mai haska wayata a jikin kowace leda tana karanta abin da ke ciki. "La, Mama, wannan akwai khinzir, naman alade." Sai mu mayar. Shinkafa da ƙwai da yajin Inna su suka riƙe mu.

Da Abu Rahaf ya kira Inna a wayata, na ji tana tambayar dambu.

"Wallahi ya yi daɗi, Inna, har mun kusa rabi."

Ya kashe, na harare shi. Ya ce, "Ummu Rahaf, akwai maganar da ba a faɗa wa mutum daga nesa."

Kyoto, Laraba da Alhamis

Ƙarfe tara daidai jirgin ƙasa ya motsa, bai ƙara ko minti ɗaya ba. Kilomita kusan ɗari biyar ya cinye cikin awa biyu da kwata. Mun hango dutsen Fuji ta taga, kansa fari kamar an ɗaura masa rawani.

Kyoto garin tsofaffin gidaje ne da lambuna. Kaka ce, ganye ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa. Mun hau wani tudu da aka jera wa jajayen ƙofofi, ɗaya bayan ɗaya har ƙafa ta gaji. Washegari a dajin gora, inda iska ke sa sandunan kukan ƙofar da ba a shafa wa mai ba, sai na ji hannu ya kama nawa.

"Yi a hankali, Sa'ada, akwai santsi."

Sa'ada. Rabon da ya kira ni da wannan sunan tun Rahaf tana rarrafe.

"Ya salam!" in ji Rahaf. "Baba, aib, abin kunya! A gaban mutane?"

"Uskuti, rufe mini baki, ke. Kafin a haife ki nake riƙe shi."

Ya yi dariya har haƙorinsa na Makka ya bayyana. Na ce a raina, ashe abin da nake karantawa yana faruwa da mutane. Ranar ya yi waya da Inna. Tana ɗan tari, ta ce sanyin na'ura ne.

Magome, Juma'a

Minti talatin da biyar zuwa Nagoya, muka sake jirgi na minti hamsin, sannan bas ta hau da mu cikin duwatsu. Magome ƙauye ne a kan tsohuwar hanyar fatake, titinsa ɗaya, shimfiɗe da dutse. Wata tsohuwa ce ta sauke mu a gidanta na katako. Muka cire takalma, muka zauna a tabarma, ta kawo gasasshen kifin rafi da shinkafa. Da hannu da 'yan kalmomi ta fahimtar da mu cewa a gidan aka haifi kakanta.

Abu Rahaf ya tashi ya shafa wani ginshiƙi da ya yi baƙi don tsufa. Ya daɗe. "Dubi," ya ce mini. "Ya girmi Inna, kuma babu wanda ya zo masa da jan fenti."

Asabar, hanyar ƙafa

Ƙarfe bakwai na safe wayata ta yi ƙara. Yaya Usman.

"Amarya, yana kusa?"

"Yana wanka, Yaya."

"Fita waje."

Na fita ba takalmi, dutsen yana cizon ƙafata don sanyi.

"Inna ta cika bayan isha'i. Da asuba za mu kai ta." Na dafe bango. "Ki saurare ni da kyau. Kin san zuciyarsa. In ya faɗi a ƙasar da ba ku da kowa, wa zai ɗaga shi? Ko yanzu ya taso ba zai samu jana'iza ba. A gidanmu ba a faɗa wa matafiyi mutuwa a hanya. Ki rufe bakinki har ku sauka."

"Zaman makokin fa, Yaya? In muka kama hanya yau za mu riski ranar ƙarshe."

Ya ce, "Ke ce a wurin, ke kike ganinsa. Ni dai na faɗi nawa."

Zan so in ce muku tsoron zuciyarsa kaɗai ya ɗaure mini harshe. Akwai wannan, Allah shi ne shaida. Amma da na koma ciki na same shi yana ɗaura igiyar takalmi yana waƙa ƙasa-ƙasa, ya ɗago ya ce, "Yalla, mu je, Sa'ada," sai wata murya ta ce mini: bari ya yi yau ɗaya. Shekara uku kina jiran wannan fuskar. Ai shi ma ya ce akwai maganar da ba a faɗa daga nesa.

Muka ba da jakunkuna a kai mana gaba, yen dubu kowace. Tara da rabi muka kama hanyar Tsumago, kilomita takwas a ƙafa. Hawa ne da farko, cikin dogayen itatuwa da suka rufe rana, ruwa na gudu a gefe. Wayata ta fara rawa a aljihu, saƙon ta'aziyya ne ke shigowa. Na rufe layin gaba ɗaya. Da Rahaf ta nemi ta yi hoto na ce ta ɗauka ta miƙo mini nan take, caji ya yi ƙasa.

A hanyar an kafa ƙararrawa nan da can, matafiyi ya buga don namun daji su ji su kauce. Kowacce muka zo sai Abu Rahaf ya buga kamar yaro. Ni kuwa agogo nake kallo. Awa shida ce tsakaninmu da Jidda. Sha ɗaya da rabi na nan, an idar da asuba a can. Daidai lokacin ya kama igiyar wata ƙararrawa da hannu ɗaya, ya jawo ni da ɗayan, ya ce Rahaf ta ɗauke mu. Yana bugawa yana dariya, ni ina jin kabbara huɗu a cikin kaina.

Gaba kaɗan akwai wata bukka inda wani dattijo ke ba matafiya shayi kyauta a gefen murhu. Ya tambayi garinmu. Da ya ji, ya ce, "Makka!" ya sunkuya.

"Yanzu Inna ta shafa addu'a," in ji Abu Rahaf. "Kira mini ita ta ji muryar wannan tsohon."

"Babu layi a dajin nan."

"Me ya sami idonki?"

"Hayaƙi ne."

Ya sa gefen rigarsa ya share mini.

Tsumago

Ɗaya da kwata muka shiga. Babu mota a titin, babu igiyar lantarki a sama, gidajen duk baƙin katako. A shago na uku ya tsaya cak. Mataji ne jere a kan ƙyalle, na katako, masu ƙananan haƙora, an goge su har suna sheƙi. Ya ɗauki biyu, ɗaya mai duhu, ɗaya kalar zuma.

"Ke kika san gashin mata. Wanne Inna za ta fi so?"

A nan ya kamata in faɗa. Bakina har ya buɗe. Rahaf, mai kiran kakarta Sitti, tana cewa, "Sitti mai haske take so." Na miƙa yatsa na nuna mai kalar zuma.

Yen dubu uku. Mai shagon ta naɗe shi a farar takarda, ninki bayan ninki, ba ta gaggawa. Ta dube shi ta ce, "Mama?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Mama." Ya ƙi sa shi a jaka, ya zura a aljihun gaba.

Lahadi zuwa Talata

Mun koma Tokyo. Kada ku tambaye ni me muka gani, ban gani ba. Sau biyu ya sa na kira, Yaya Usman ya ɗauka ya ce tana barci, mura ce. Ranar Litinin muna zaune a wani lambu ya ce, "Inna ba ta taɓa kwana uku ba ta ji muryata ba." Na ce mura ce ai. A ranar ake tashi daga zaman makoki. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya yarda, don ni ce na faɗa.

Jidda, Laraba

Goma na safe muka sauka. Aka duba iƙama, takardarmu ta zama a ƙasar, muka fito cikin zafin da muka saba. Yaya Usman da kansa ya zo. A mota zancen hanya kawai yake yi, da cunkoso, da wata gada da aka rufe.

Muna shan kwanar layinsu sai ga wata motar kaya a ƙofar gida. Ana loda mata jajayen kujerun haya, wani yana naɗe igiyar fitilu. Duk ɗan Jidda ya san abin da ake jera waɗannan kujeru dominsa. Abu Rahaf ya fito ya tsaya a tsakiyar titi. Yaya ya riƙe masa kafaɗa yana magana a kunnensa. Rahaf ta ƙwalla ƙara ta haye sama da gudu.

Bai faɗi ba. Zuciyar da muka ji wa tsoro ta ɗauka. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau uku. Ya tambayi ranar, aka faɗa masa. Na ga yana lissafi da leɓe. Ya zaro farar takardar daga aljihu, ya juyo gare ni.

"Lokacin da kika nuna wannan, kin sani?"

"Na sani."

"Ni na hana ta," in ji Yaya. "Laifina ne, ya akhuya, ɗan'uwana."

"Kai daga nesa ka ɓoye mini, Yaya." Bai ɗaga murya ba. "Ita tana riƙe da hannuna."

Daga nan suka wuce maƙabarta.

Yau wata biyu ke nan. Yana cin abincina, yana cewa sannu. Na koma Ummu Rahaf. Wayarsa ba ta sake mutuwa ba, ko wanka zai shiga tana hannunsa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa kafilinsa, da tsohuwar Magome da ta ciyar da mu, da dattijon da ya ba mu shayi bai san me ke idona ba. Ku ma na gode da jiran da kuka yi. Hotuna zan turo muku duka, ban da na ƙararrawa. Ku sa Inna a addu'a.

Matajin yana gaban madubina, cikin takardarsa. Abu Rahaf ne ya ajiye shi a can da hannunsa. Kullum da safe nakan ɗauka in goge ƙurar wurin in mayar. Ban warware ba, kuma ban tambaye shi ba.